Hayaƙin mai ko dusar yuraniyum: wanne ya fi ɓata muhalli?

Tambaya: Malam, kullum ana kiran ƙasashe su bar kwal da man fetur da iskar gas saboda ɓata muhalli, wasu kuma na cewa makamashin nukiliya ne mafita. To amma mun ji labarin haɗarin tashoshin Chernobyl da Fukushima, ga kuma koke-koken mutanen Arlit, inda ake haƙar yuraniyum a Nijar. Wanne ya fi illa a gaskiya? Kuma ƙasa irin Najeriya ko Nijar za ta iya riƙe tashar nukiliya?

Amsa: Ɗan'uwa, in da mudu ɗaya za a yi awon, wato a ɗauki yunit ɗaya na lantarki irin wanda mita ke ƙirgawa a bi diddigin ɓarnar da aka yi kafin a samar da shi, to kwal da mai sun fi nukiliya ɓarna nesa ba kusa ba. Sai dai dattin nasu ba iri ɗaya ba ne. Na mai yana tashi sama ya watsu, kowa ya shaƙa, ba wanda zai iya tattaro shi. Na nukiliya kaɗan ne kuma yana taruwa wuri ɗaya, amma sai an yi gadinsa tsawon lokacin da ya wuce rayuwar kowace gwamnati. Don haka amfaninsa ko cutarsa na rataye ne ga waɗanda aka damƙa wa gadin.

Tashar kwal da tashar nukiliya aiki ɗaya suke yi: su tafasa ruwa, tururin ya juya farfelar inji, injin ya ba da wuta. Murhun ne ya bambanta. Tashar kwal mai ƙarfin megawat 1,000 tana cin kwal kusan tan miliyan 3 a shekara. In tirela na ɗaukar tan 30, ka ga tirela 270 ke nan kowace rana ta Allah. Tashar nukiliya mai wannan ƙarfin tana cin tan 25 ko kusa da haka a shekara. Ana curo yuraniyum ne ƙwaya-ƙwaya, kowace kamar gaɓar ƙaramin yatsa, a jera su cikin siraran bututan ƙarfe, kuma ƙwaya ɗaya na ba da zafin da ya kai na tan ɗaya na kwal. Ba ƙonawa ake yi ba, ƙwayar zarra ce ke tsagewa ta saki zafi, shi ya sa babu hayaƙi. Farin abin da ake gani yana tashi daga manyan hasumiyoyin tashar tururin ruwa ne kawai.

Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da ƙiyasi a 2014, wanda ya haɗa komai tun daga haƙar ma'adini da gina tasha har rushe ta. A kowane yunit, kwal na fitar da giram 820 na iskar kabon dayoksaid, gas giram 490, hasken rana 41 zuwa 48, madatsar ruwa 24, nukiliya 12, injin iska 11. Wannan iskar ce ke riƙe zafi a sararin samaniya. Kafin zamanin masana'antu kashi 280 ce cikin miliyan na iskar duniya, yau ta haura 420.

Abin da ba a cika sawa a lissafi ba shi ne janaretan ƙofar gida. Litar fetur ba ta kai kilo ɗaya ba, amma in ta ƙone tana fitar da kilo 2.3 na kabon dayoksaid, domin kabon ɗin cikinta yana haɗuwa da iskar oksijin ya ƙara nauyi. Litar dizal na fitar da kusan kilo 2.7. Ƙaramin janareta na mai shagon caji ko mai aski da ƙyar yake fitar da yunit ɗaya da rabi daga lita guda, ka ga kusan kilo ɗaya da rabi ke nan a kowane yunit, ya doshi ninki biyu na tashar kwal. Babban injin dizal da aka ɗora wa kaya daidai ƙarfinsa yana ba da yunit 3 zuwa 3.5 a lita, wato shi da kwal kunnen doki. Duk ranar da aka ɗauke wuta a Kano ko Yamai, garin yana komawa kan mafi ƙazantar hanyar samar da lantarki da ake da ita, kuma bakin salansar yana daidai tsayin hancin yaro.

Ɗumamar yanayi illa ce mai tafiyar hawainiya. Wadda ke kisa yau ita ce hayaƙin kansa. A cikinsa akwai ƙura mai laushin da sai an jera kusan talatin kafin su kai kaurin silin gashi. Hanci ba ya tace ta, tana wucewa can ƙasan huhu ta shiga jini, ta jawo asma, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da kansar huhu. Akwai iskar farar wuta, wadda in ta gamu da danshi take komawa asid ta cinye kwanon rufi ta ɓata gona. Kwal kuma yana ƙarawa da zaiba, mai sauka cikin ruwa ta taru a jikin kifi. A Disambar 1952 hayaƙin kwal ya lulluɓe Landan kwana biyar, aka ƙirga mutum 4,000 da suka mutu nan take, bincike na baya ya kai adadin kusan 12,000. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4.2 a 2019, kuma ƙona mai da kwal na da babban kaso a ciki. Mutanen Fatakwal ba sa buƙatar ƙiyasi: tun ƙarshen 2016 suke share baƙar kunkunniya daga kan gado da farantin abinci, wadda akasarinta daga matatun bayan fage da ƙone-ƙonen mai take fitowa.

In aka raba mace-macen haɗari da na hayaƙi a kan wutar da aka samar, a kowane yunit biliyan ɗaya kwal na kashe kusan mutum 25, mai 18, gas kusan 3, nukiliya kuwa 0.03, kuma an sa Chernobyl da Fukushima a cikin wannan lissafin. Ana iya rage dattin kwal. Akwai na'urar da ke kama tokar hayaƙi da maganaɗisun lantarki har kashi 99 cikin 100, akwai mai fesa ruwan farar ƙasa ta wanke iskar farar wuta. Amma babu ɗaya daga cikinsu da ke taɓa kabon dayoksaid, kuma su ne farkon abin da ake daina gyarawa idan kuɗi ya yi wuya. Tokar da aka kama ma sai an nema mata wuri, dubban ɗaruruwan tan a shekara. A Disambar 2008 katangar tafkin toka ta fashe a Kingston ta jihar Tennessee a Amurka, taɓon toka kusan kubik mita miliyan 4 ya malale gidaje da kogi.

Gas ya fi su dama, kuma shi ne ke ba babban layin Najeriya kusan kashi uku cikin huɗu na wutarsa, sauran daga madatsun ruwan Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru. Tasha ta zamani da ke ƙona gas sannan ta yi amfani da zafin hayaƙin ta tafasa ruwa tana mayar da kusan kashi 60 na zafin zuwa lantarki. Matsalarsa yoyo. Gas ɗin da ya tsere bai ƙone ba, wato mitan, a cikin shekara 20 yana riƙe zafi fiye da kabon dayoksaid sau 80. Bawul mai yoyo nan, bututu mai tsatsa can, kaso kaɗan ya tsere sai ribar ta zube. Ga kuma wutar da ake kunna wa gas a bakin rijiyoyin Neja Delta. Dokar 1979 ta sa 1984 a matsayin ranar dainawa, har yau biliyoyin kubik mita na ƙonewa a banza duk shekara. Shi kuwa ɗanyen mai, rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya samu rijiyoyin sha a Nisisioken Ogale da sinadarin benzin mai sa kansa ya ninka ƙa'ida sau 900, ya kuma ce tsaftace yankin zai ci shekara 25 zuwa 30.

Yanzu nukiliya. Mai son ganin dattinta kada ya tsaya a bakin tashar Faransa, ya nufi arewacin Agadas. Waccan tan 25 da na ambata ba haka take fitowa daga ƙasa ba. Yuraniyum na asali kashi 0.7 cikin 100 ne kawai nau'in da ke tsagewa, sai an tace shi ya kai kashi 3 zuwa 5, don haka ana buƙatar kusan tan 200 na asalin. Dutsen Arlit kuma ba mai maiƙo ba ne, kilo biyu zuwa huɗu ake samu a tan guda, saɓanin wasu mahaƙan Kanada da ke ba da fiye da kilo 100. A kan kilo uku, sai an niƙa dutse tan dubu 60 zuwa 70 kafin a ciyar da tasha ɗaya shekara guda. Ana farfasa dutsen, a niƙa shi gari, a jiƙa da asid ɗin farar wuta ya narkar da yuraniyum, a tace, a busar ya zama garin da ake durawa a ganguna. Shekaru da dama hanyarsa ita ce mota zuwa Kwatano, jirgin ruwa zuwa Faransa.

Abin da ya rage bayan an tace shi ne dusar, kuma nan gizo ke saƙar. Asid yuraniyum kaɗai yake ɗauka. Sauran dangin da ke tare da shi a dutse, irin su radiyum da toriyum, suna nan cikin dusar, don haka kusan kashi 85 cikin 100 na tiririn radiyeshan na dutsen ba ya barin wurin. Radiyum sai ya shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi, toriyum ɗin da ke haifar da shi kuwa shekara 75,000. Yana kuma fitar da iskar radon, marar launi marar wari, wadda ke sa kansar huhu. Dutsen da ke binne a ƙasa yana riƙe radon ɗinsa. Wanda aka niƙa aka tula a fili, cikin hamada mai iska da ƙura, ba abin da ke riƙe shi.

Mahaƙar SOMAÏR ta Arlit ta fara fitar da yuraniyum a 1971, COMINAK ta Akokan a 1978. Da aka rufe COMINAK a ƙarshen Maris 2021, an bar tulin dusa kusan tan miliyan 20, kuma tsarin rufewar shi ne a lulluɓe shi da yumɓu da duwatsu kaurin mita biyu. Ɓarnar ba ta tsaya a tulin ba. A ƙarshen 2009 ƙungiyar Greenpeace da ɗakin binciken CRIIRAD na Faransa sun auna wurare a titunan Akokan inda tiririn ya ninka na al'ada har sau 500, saboda an yi cikon hanya da duwatsun mahaƙa. Huɗu cikin samfuran ruwa biyar da suka ɗiba sun wuce ƙa'idar yuraniyum ta Hukumar Lafiya ta Duniya. An kuma samu tsofaffin ƙarafan mahaƙa a kasuwa, abin da ƙungiyar Aghir In'Man ta Arlit ta daɗe tana kuka a kai, domin maƙera na mayar da su kayan gida. Kamfanin Faransa mai tafiyar da mahaƙan, Areva a lokacin, Orano a yanzu, ya musanta wasu zarge-zargen, amma ya kwashe ƙasar wuraren da aka nuna.

Maganin waɗannan duk sananne ne, ba wani sirri. A shimfiɗa yumɓu da leda mai kauri ƙarƙashin dusa don kada ruwanta ya tsiyaya cikin rijiyoyi. A riƙa rufe ta tun ana aiki, a jiƙa hanyoyi saboda ƙura, a hura iska mai yawa cikin ramin ƙarƙashin ƙasa. Kowane ma'aikaci ya rataya na'urar auna tiriri, kada ya wuce milisibat 20 a shekara (ma'aunin tiririn da jiki ya sha ke nan), mutanen gari kuma kada aikin ya ƙara musu fiye da 1 a kan kusan 2.4 da kowane ɗan'adam ke samu daga ƙasa da sama. Ko ƙusa ɗaya kada ta fita ƙofa ba a auna ta ba. Sannan a ajiye kuɗin rufewa tun ranar farko a asusun da kamfani ba ya iya taɓawa. Gwamnatin Nijar ta karɓe SOMAÏR daga hannun Orano a Yunin 2025, kuma wanda ya gaji mahaƙa ya gaji dusarta.

Wani abin da zai ba ka dariya ko takaici: wutar da ke juya injinan mahaƙan yuraniyum ɗin daga kwal take. Tashar SONICHAR ta Anu Araren kusa da Cirozerin, mai ƙarfin da bai kai megawat 40 ba, ita ke ba mahaƙan da garuruwan Arlit da Agadas wuta tun farkon shekarun 1980. Faransa na samun kusan kashi biyu cikin uku na lantarkinta daga nukiliya, a Nijar kuwa kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wuta a gida.

Batun haɗari kuma, abu ɗaya za ka riƙe ka fahimci komai: tukunyar nukiliya, wato inda yuraniyum ke tsagewa ya ba da zafi, ba ta mutuwa lokaci guda. In aka zura sandunan da ke tsayar da tsagewar, aikin yana tsayawa cikin daƙiƙoƙi, amma kamar murhun da aka janye wa itace ne, garwashin na nan. Tasha mai ba da megawat 1,000 na lantarki tana da zafin megawat 3,000 a cikinta. Ana kashe ta saura kusan 200, bayan awa ɗaya kusan 45, bayan kwana ɗaya kusan 15. Dole famfuna su ci gaba da zagaya ruwa, kuma famfo wuta yake ci.

Abin da ya ci Fukushima ke nan ranar 11 ga Maris 2011. Girgizar ƙasa ta katse layukan waje, tukwanen suka kashe kansu yadda aka tsara, injinan dizal suka tashi. Ba a cika awa ɗaya ba igiyar teku mai tsayin kusan mita 14 ta haure kariyar da aka yi don mita 5.7, ta cika ɗakunan ƙasa inda injinan dizal da allunan wuta suke. Ruwan tukwane uku ya ƙafe, bututan suka yi zafin da ya wuce digiri 1,200, ƙarfensu ya haɗu da tururi ya haifar da iskar haidurojin, ita ce ta fasa rufin gine-ginen. An kwashe mutum sama da 150,000. Mutum ɗaya gwamnatin Japan ta amince tiriri ne ya jawo masa kansar da ta kashe shi, amma wahalar kwashewar, musamman ga tsofaffi da marasa lafiya, ta kashe fiye da 2,000. Tashar Onagawa ta fi kusa da cibiyar girgizar, sai dai an gina ta a tudu mai tsayin kusan mita 15, ta tsira, har mutanen gari suka fake a cikinta.

Chernobyl, ranar 26 ga Afrilu 1986, laifin ƙira ne ya gamu da ganganci. Irin wannan tukunyar ta Tarayyar Sobiyet ƙarfinta ƙaruwa yake idan ruwa ya koma tururi, saɓanin yawancin tukwanen duniya da ke lafawa. An kashe wasu na'urorin kariya don gwaji, kuma babu ƙaton kwanson kankare da ke rufe tukunyar. Mutum biyu sun mutu a daren, 28 cikin 'yan watanni. Babbar cutar da ta biyo baya ta nono ta shigo. Ayodin mai tiriri ya sauka kan ciyawa, shanu suka ci, yara suka sha madara, ya taru a ƙullutun maƙogwaro inda maƙoƙo ke fitowa. Zuwa 2005 an ƙirga kansar wurin kusan 6,000 ga waɗanda suke yara a lokacin. Wannan ayodin kwana 8 yake ya ragu da rabi, bayan kwana 80 saura kashi ɗaya cikin dubu. Da an hana shan nonon yankin wata biyu zuwa uku, an kuma raba ƙwayar ayodin mai kyau kamar yadda Folan ta yi wa miliyoyin yaranta, da yawancinsu ba su kamu ba. Ka auna wannan da ƙasar da ake tallar nono a ƙwarya daga ruga zuwa kasuwa ba rajista. Siziyum kuwa, wani sinadari mai tiriri da shi ma ya watsu, shekara 30 yake ya ragu da rabi, shi ya sa har yanzu da'irar kilomita 30 ke rufe.

Makamashin da aka gama amfani da shi ana nutsa shi cikin tafki mai zurfi aƙalla shekara biyar ya huce, sannan a zuba shi a manyan tulunan ƙarfe da kankare. A nan yawancin na duniya yake zaune har yau, domin akwai fulutoniyum a cikinsa mai shekara 24,000 kafin ya ragu da rabi. Finlan ce ta fi kowa nisa wajen kabarin dindindin: ramin Onkalo, zurfin fiye da mita 400 cikin tsohon dutse, kowane ƙunshi cikin kwanson jan ƙarfe, a kewaye shi da yumɓun da ke kumbura in ya ji ruwa ya toshe kowace kafa.

Ruwa ma abin dubawa ne. Kashi ɗaya cikin uku na zafin nukiliya ne ke zama lantarki, saura sai ruwa ya ɗauke. Tasha mai hasumiya tana ƙafar da kusan lita biyu da rabi a kowane yunit, daidai da ta kwal, ninki uku na tashar gas ta zamani. A bazarar 2003 da ta 2022 Faransa ta rage ƙarfin wasu tashoshinta saboda koguna sun yi ɗumi. Shi ya sa wuraren da Najeriya ta ware, Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom, duk bakin manyan koguna ne.

To za mu iya? Ilimin akwai shi daidai gwargwado. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana tafiyar da ƙaramar tukunyar bincike tun 2004, kuma a 2018 aka canja mata makamashi zuwa marar ƙarfin tacewa aka mayar da tsohon zuwa Chaina. Amma kusan kilowat 30 ce, tukunyar megawat 1,200 irin huɗun da Rasha ke gina wa Masar a El Dabaa ta ninka ta zafi sau dubu ɗari. Kuɗin ma ba na wasa ba ne: tukwane biyu na Vogtle a Amurka sun ci fiye da dala biliyan 30 da jinkirin shekara bakwai, kodayake Koriya ta Kudu ta kammala huɗu a Barakah ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa cikin shekara 12. A duk Afirka, Koeberg ta Afirka ta Kudu ce kaɗai ke aiki. A ganina, kuɗin tukunya ɗaya in aka zuba shi a gyaran layuka, kama gas ɗin da ake ƙonawa a banza, da faifan hasken rana a Sahel, zai kashe janareto da yawa tun kafin a gama zuba harsashin tashar nukiliya.

Babban cikas shi ne layin wuta. Ƙa'idar injiniyoyi ita ce kada inji ɗaya ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin babban layi, domin ranar da ya tsaya ba zato sauran su iya ɗaukar nauyin. Layin Najeriya yana kai megawat 4,000 zuwa 5,500 ne ga jama'a, don haka tukunyar megawat 1,200 kusan rubu'insa ce, in ta yi tuntuɓe ƙasar gaba ɗaya za ta shiga duhu. Na Nijar bai ma kai a yi maganar ba. Haɗarin kuma ta fuska biyu yake, domin tashar kanta tana dogara da layin waje don famfunan sanyaya ta. Layin da ke durƙushewa sau da yawa a shekara yana nufin sau da yawa a shekara za a bar garwashin megawat 200 a hannun injinan dizal na ko-ta-kwana, waɗanda dole su tashi su ɗauki kaya cikin sakan 10 zuwa 15, da tankin man da zai kai mako guda wanda ba a taɓa ɗiba an kai wani wuri ba.